Na Bi Sawun Motar Mushe a Ƙasar Holan

A ƙasar Holan, idan saniyar mutum ta mutu, ba shi da ikon ya ja ta bayan gari ya yar, ba shi da ikon ya haƙa rami a gonarsa ya binne ta, ƙonawa kuwa ba a ma maganarta. Waya zai ɗauka ya sanar, mota ta zo ta ɗauke ta, daga baya a aiko masa da takardar kuɗin da zai biya. Na sha jin haka a bakin malamai, amma bai zauna mini a kai ba sai da na tsaya a bakin titi na ga ana yi.

A watan Oktoban 2023 na je ƙasar, cikin wasu ma'aikatan kiwo daga Afirka da aka tura ƙaro ilimi kan kiwon kaji da shanun madara. Daga filin jirgin sama na Schiphol muka hau jirgin ƙasa zuwa Amersfoort, muka sauya wani ƙarami ya sauke mu a Barneveld. Garin kaji ne tun kaka da kakanni. Suna da gidan tarihin kaji, akwai ma wata kaza mai ƙwai ruwan ƙasa da ke ɗauke da sunan garin. Ruwa muka tarar, ruwa muka baro. Yayyafi ba ya ɗaukewa, kuma mutanen gari ba su fasa hawa kekunansu ba.

Duk inda ka duba ta tagar jirgi, ƙasa ce shimfiɗe, ba tudu ba dutse, an yayyanka ta da ƙananan magudanai cike da ruwa. Ƙasar gaba ɗayanta ba ta kai faɗin jihar Kaduna ba, amma tana ɗauke da mutane kusan miliyan 18, shanu kusan miliyan 4, aladu wajen miliyan 11, kaji kuwa sun doshi miliyan 100. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da doron teku. A wurare da yawa, kana haƙa rami bai kai ƙugunka ba ruwa zai tsattsafo. To mai irin wannan ƙasa, a ina zai binne saniya? Duk abin da ya ruɓe a ramin, hanyar ruwan da kowa ke amfani da shi zai bi. Kuma inda dabbobi suka yi wannan yawan, ko babu annoba, kullum ta Allah sai an wayi gari da mushe a gonaki birjik.

Wata safiya aka kai mu gonar wani dattijo mai shanun tatsa ɗari da 'yan kai. Injin tatsa muka je gani. Amma tun muna sauka daga mota idona ya tsaya kan wani daɓen siminti a bakin titi, nesa da garke, an kife wani babban murfin roba a kansa. Na tambayi mai gonar. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce saniyarsa ce, jiya da daddare ta tafi. Ta haihu ta kasa tashi, an yi magani bai yi ba, likita ya zo ya ga ba za ta miƙe ba, ya yi mata allurar da ta hutar da ita.

Na roƙe shi ya ɗaga murfin, ya ɗaga. Babbar saniya ce baƙa da fari, irin tasu, tana kwance a gefe guda, ƙafafu sun sandare, ciki ya fara kumbura. Hantsarta na nan cike da nonon da ba a tatsa ba. A kowane kunne akwai lamba ruwan ɗorawa mai ɗauke da lambarta. Babu ƙuda ko ɗaya, babu kare a kusa. A gefen daɓen akwai wata ganga mai murfi da ake ajiyewa cikin na'urar sanyaya, wadda ake zuba mabiyiya da ɗan maraƙin da aka haifa ba rai. Dattijon ya dafa wuyan saniyar ya faɗi sunanta da shekarunta, ya ce uwarta ma a garkensa aka haife ta. A nan na ga makiyayi duk inda yake makiyayi ne.

Abin da ya fara zuwa zuciyata shi ne wuƙa. A wajenmu wannan saniya da ba ta kai ga mutuwa da kanta ba. Da an ga ido ya fara juyewa za a ce a yi maza a kira mahauci kada ta yi mushe, a yanka, a rage asara. Na faɗa wa dattijon haka. Ya ce su ma iyayensu sun san wannan, amma yanzu doka ba ta yarda a yanka dabba a gona domin ci ba sai idan lafiyarta ƙalau haɗari ne ya same ta, kamar karaya, kuma sai likita ya duba ta tana da rai ya sa hannu. Dabbar da ciwo ya kayar, ga magani a jikinta, ba ta da hanyar shiga kasuwar nama.

Muna cikin ɗakin tatsa aka ce motar ta iso. Na bar kowa na fita. Doguwar mota ce mai rufaffen baya, da hannun ƙarfe mai naɗewa a jikinta. Ba ta shigo gonar ba, a titi ta tsaya, kuma dalilin da ya sa aka yi daɓen a bakin titi ke nan: motar da ta zagaya gonaki da yawa tana kwasar gawa, ba a son tayarta ta taka inda dabbobi masu rai ke takawa. Direban ya sauko da safar hannu, ya duba lambar kunnen saniyar ya shigar a wata 'yar na'ura. Ya buɗe murfin bayan motar, hannun ƙarfen ya miƙo, yatsunsa suka rungumi saniyar ta tsakiya suka ɗaga ta sama, kai da ƙafafu na reto, suka sauke ta ciki. Lokacin da murfin ke buɗe ne kawai ɗoyi ya bugo ni, mai nauyi, kafin a rufe. Ya feshe yatsun ƙarfen da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ɗaga wa mai gona hannu, ya ja mota. Duka abin bai kai minti goma ba. Dattijon ya jawo tiyo ya wanke daɓen tas.

Kafin ya tafi, direban ya yi wa mai gonar wata magana da harshensu yana kaɗa kai. Na tambaya aka fassara mini: ya ce tun watan jiya tumaki ne suka cika musu motoci. A farkon Satumban shekarar ne wata cuta da ake kira shuɗin harshe ta ɓulla a tsakiyar ƙasar, wani sabon nau'i da ba su da rigakafinsa a lokacin. Wasu 'yan ƙananan ƙwari masu cizo ne ke yaɗa ta, waɗanda ba su kai sauro girma ba. Tunkiya za ta kumbura a baki, miyau na zuba, ta kasa ci, ta gurgunce. Dubbai sun mutu a kakar nan. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne, hukuma ba ta buƙatar ƙiyasi don ta san girman ɓarnar. Tunda kowace gawa da lambarta ake ɗaukarta, lissafin motocin mushe ya nuna yankin da tumaki ke mutuwa fiye da yadda aka saba, da kuma makon da abin ya ƙaru.

Kamfani ɗaya ne ke aikin kwasar mushe a duk faɗin ƙasar, sunansa Rendac, kuma tun 2014 yana ƙarƙashin wani kamfanin Amurka mai suna Darling Ingredients. Babbar masana'antarsa tana garin Son, kusa da Eindhoven a kudancin ƙasar. Malamarmu, wata likitar dabbobi da ta manyanta a aikin, ta ga yadda na dame ta da tambaya, sai ta ce ranar da za mu je kudu ganin gonaki za ta sa direba ya bi ta can.

Kafin ranar, ta kai mu wani ƙauye da ke cikin ƙaramar hukumar Barneveld, sunansa Kootwijkerbroek. Ƙauye ne tsaf-tsaf, mutanensa masu riƙo da addininsu. A 2001 ciwon baki da kofato ya shiga Holan, aka tabbatar da shi a gonaki 26, aka kashe dabbobi sama da 250,000 don tare shi. A wannan ƙauye mutane sun tare hanya sun yi fito-na-fito da 'yan sanda, domin da yawansu ba su yarda cutar ta shiga garinsu ba, kuma har yau akwai masu wannan ra'ayi. A shekarar ce aka kashe dabbobi fiye da miliyan 6 a Birtaniya, duniya ta ga hotunan tulin shanu ana ƙonawa a fili hayaƙi ya turnuƙe ƙauyuka. Holan ba ta kunna irin wannan wuta ba, motoci ta sa suka kwashe. Shekara biyu bayan haka, a 2003, murar tsuntsaye ta tashi a wannan kwarin da Barneveld take, aka hallaka kaji wajen miliyan 30, wani likitan dabbobi ya kamu ya rasu. Likita ta ce mana a irin wannan rana ce ake sanin amfanin motocin nan. Ƙasar da ba ta saba kwashe gawar dabba ɗaya a ranar lafiya ba, ba za ta iya kwashe dubu a ranar annoba ba.

Ni na san abin da take nufi. A watan Fabrairun 2006, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, ina ƙaramin ma'aikaci. Na ga kaji tuli a bayan gonaki, ramin da aka haƙa ya cika, yara na yawo a kai ba takalmi.

Ranar tafiya kudu muka bi babbar hanyar A50, muka tsallake manyan koguna uku, Rhine da Waal da Maas, jiragen ruwa na dakon kaya na wucewa ta ƙarƙashinmu. Da muka shiga lardin Brabant, dogayen ɗakunan aladu da na kaji suka fara bayyana dama da hagu. Masana'antar tana gefen wata mashigar ruwa da aka haƙa, mai suna Wilhelmina. Ba wuri ba ne da baƙo ke faɗawa kai tsaye, don haka a waje muka tsaya. Manyan gine-gine rufaffu, tankuna, bututai, doguwar hanyar hayaƙi, da motoci irin wadda na gani suna shiga ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai sani ba zai ɗauka masana'antar man girki ce. Likita ta ce iskar cikin ɗakunan ma ba a barinta ta fita haka nan, zuƙe ta ake yi a tace.

A nan bakin ruwa, ƙarƙashin lema, ta zayyana mana abin da ke gudana a ciki. Mota za ta juye kayanta a wani babban rami na ƙarfe. Daga nan injin markaɗe ya farfasa komai, ƙashi da kofato da tsoka, har kowane gutsure kada ya wuce milimita 50. Sai a tura shi cikin wata rufaffiyar tukunya, a dafa da tururi a zafin digiri 133, da matsin da ya kai ma'aunin 'bar' 3, wato ninki uku na matsin iskar da muke shaƙa, na tsawon minti 20 ba yankewa. Ta maimaita lambobin nan har sau uku, ta ce duk likitan dabbobi a Turai ya haddace su. Dalilin farfasawar shi ne zafi ya ratsa har tsakiyar kowane gutsure. Bayan dahuwa sai a ƙafar da ruwan, domin kusan kashi biyu cikin uku na jikin dabba ruwa ne. Abin da ya rage a matse shi, kitse ya bi hanya ɗaya, busasshen tuƙa ya bi wata, a niƙe shi ya zama gari. A taƙaice, abin da mahauci ke yi ne idan ya narka kitse ya fitar da kakide, sai dai nan da dukan dabbar ake yi, kuma da ma'auni.

Ta ciro wata 'yar kwalba daga jakarta ta miƙo mana. Gari ne ruwan ƙasa, mai tsakuwa-tsakuwa, da fararen ɗigo na ƙashi a ciki. Na zuba kaɗan a tafin hannu na murza, ya bar mini maiƙo a yatsa, warinsa na ƙonannen ƙashi ne. Ta ce wannan na hannunta daga ragowar dabbobin da aka yanka lafiya ne a kwata, ba daga mushe ba. Amma da ido ba za ka bambanta su ba, kuma a nan ne Turai ta taɓa faɗawa rami.

Shekaru da dama, garin nan abinci ne. Yana da furotin da sinadarin ƙashi, yana da arha, ana zuba shi a abincin kaji da aladu, har da na shanun madara da 'yan maruƙa. Saniyar da Allah ya halitta ta ci ciyawa, aka riƙa ba ta garin 'yar'uwarta. A watan Nuwamban 1986 aka gano wata sabuwar cuta a shanun Ingila: saniya ta riƙa firgita, tana tangaɗi, ta faɗi ta kasa tashi, idan an duba ƙwaƙwalwarta a ga ta huhhuje. Ita ce aka sani da cutar haukan shanu. Abin da ke kawo ta ba irin ƙwayoyin cutar da muka saba da su ba ne, wani gurɓataccen furotin ne mai jure zafin da ke kashe sauran. Saniya ɗaya mai ciwon ta mutu, a dafa ta, a niƙa, a raba garinta ga garke ɗari. Birtaniya ta hana ba shanu wannan gari a 1988, amma kafin abin ya lafa an tabbatar da cutar a shanu fiye da 180,000, an kashe sama da miliyan 4. Ranar 20 ga Maris 1996 sakataren lafiya na lokacin, Stephen Dorrell, ya tsaya a majalisa ya ce akwai yiwuwar cutar na kama mutanen da suka ci naman. Mutum 178 ne suka rasu da ita a Birtaniya, akasarinsu matasa.

Wannan masifa ce ta haifi tsarin da na gani. Daga farkon 2001 Tarayyar Turai ta hana zuba garin nama a abincin duk dabbar da ake kiwo don ci. A 2002 ta yi dokar da ta hana binne dabbobin gona sai a wurare masu nisa ƙwarai, aka sabunta ta a 2009. Dokar ta kasa ragowar dabbobi gida uku. Rukuni na uku shi ne abin da ya fito daga dabbar da aka duba aka yanka lafiya, irin su ƙashi da jini da kitse da gashin kaza. Shi ne ake yin abincin karnuka da kyanwoyi da taki da kayan sabulu. Rukuni na biyu ya haɗa da aladu da kajin da suka mutu a gona. Na ɗaya shi ne mafi haɗari, a ciki akwai ƙwaƙwalwa da lakar manyan shanu, da duk mushen saniyar da ke ɗauke da su. In aka gauraya biyu, hukuncin mafi haɗarin ne ke hawa kansu duka. Garin rukuni na ɗaya makomarsa wuta: ana ƙona shi a tashoshin lantarki ko a tanderun siminti. Kitsen kuma a ƙona a matsayin makamashi ko a mayar da shi man dizal. Har wani sinadari ake zuba musu na shaida, yadda in wani ya karkatar da su cikin abincin dabbobi, awo zai tona shi. A 2021 an ɗan sassauta, aka yarda a ba kaji furotin alade, a ba aladu na kaji, shi ma daga rukuni na uku kaɗai. Shanu da tumaki har yanzu an hana.

Kuma ba a daina tsaro ba. Duk saniyar da ta haura wata 48 ta mutu a gona, sai an ɗebi wani yanki daga gindin ƙwaƙwalwarta an auna. Ta haka ne a farkon 2023 aka gano cutar a gawar wata tsohuwar saniya a lardin Holan ta Kudu, karo na farko tun 2011, kuma awo ya nuna nau'in da ke tasowa da kansa ne jefi-jefi a tsofaffin shanu, ba na abinci ba. Saniyar dattijon nan da na gani ita ma sai ta bi ta wannan awo.

A hanyar komawa ina zaune kusa da wani abokin karatu, mutumin Maraɗi, wanda ya yi karatun allo da na littattafai sosai kafin boko. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya juyo.

"Malam, kai ka ga wannan zai yiwu a wajenmu? Shanu da aladu fa tukunya guda."

Na ce masa ai ba ci ake yi ba, ƙonawa ake yi.

Ya ce, "Na ji. Amma ka tuna hadisin Jabir, shekarar buɗe Makka, da aka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kan kitsen mushe da ake shafe jiragen ruwa da shi, ana kunna fitila, ya ce a'a, haramun ne. Malamai sun yi saɓani, wasu suka ce cinikinsa aka hana, wasu suka ce har amfani da shi. Ga kuma hadisin tunkiyar da ta mutu, da ya ce me ya hana a ɗauki fatarta a jeme. In za a kawo irin wannan a ƙasar Hausa, sai an zauna da malamai tun kafin a sayi injin."

Gaskiya ya faɗa, kuma ba maganar da ma'aikacin kiwo zai yanke ba ce. Abin da na lura kawai shi ne, bayan duk wahalar da Turai ta sha, inda ta tsaya bai yi nisa da abin da aka koya mana muna yara ba, cewa mushe ba ya komawa abinci.

Ya ba ni labarin farin 2010 a yankin Dakoro na ƙasar Nijar, yadda shanu suka riƙa zubewa a hanyar rijiya, gawa ko'ina, ba mai ɗauka. Ya ce a irin wannan daji mai faɗi, da can ungulu da kura ne ke aikin motar nan, kuma suna yinsa kyauta. Na tambaye shi yaushe rabonsa da ganin ungulu a kwata. Ya yi tunani ya ce ya manta. Ni ma haka. Muna yara, rufin mahauta baƙi ƙirin yake da su. Yanzu an farauce su don haɗa magunguna, guba ta kashe wasu, har a 2015 aka sa irin ungulun da muka sani cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Indiya ta ga abin da ke biyo baya: wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, diklofenak, ya kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na ungulayenta kafin a hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, gawarwaki suka zama abincin karnukan titi. Ita kanta Turai ta gyara dokarta a wannan fanni, domin da aka kwashe kowane mushe daga tsaunukan Sifen ungulaye sun shiga yunwa, sai a 2011 ƙasar ta ba makiyayan wasu yankuna izinin barin gawa a daji dominsu.

Da daddare na kira kawuna, wanda ya shafe rayuwarsa a fataucin shanu. Na ba shi labari tiryan-tiryan.

Ya ce, "Tsaya, yaro. Saniyarka ta mutu, ka yi asara, sannan kuma ka biya kuɗi a ɗauke ta?"

Na ce, "Haka ne, Kawu."

Ya ce, "To mu nan wa zai yarda? Wanda ya ga saniyarsa za ta faɗi, wuƙa zai nema. Ba mugunta ba ce, dukiyarsa ce ke tafiya."

Ban yi masa musu ba, don na san halin da makiyayi ke ciki, ba inshora, ba diyya. Amma wuƙar nan ita ce ke hana ni barci. Wata uku kafin tafiyata, a Yulin 2023, gwamnatin tarayya ta tabbatar da ciwon saifa, wato anthrax, a wata gona kusa da Suleja a jihar Neja, bayan awon da aka yi a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom. Tun a watan Yuni an yi gargaɗi kan cin ganda saboda ɓullar ciwon a arewacin Gana. Dabbar da wannan ciwo ya kashe faɗuwa take yi farat ɗaya, baƙin jini da ba ya daskarewa yana fita ta hanci da baki da dubura. Ba a feɗe ta, ba a buɗe cikinta. Da jinin ya haɗu da iska, ƙwayar cutar sai ta yi wa kanta ɓawo mai tauri, ta kwanta a ƙasa shekaru gommai tana jiran damina da wata dabbar. Mai fiɗa, da mai jima, da matar da ta wanke kayan ciki, duk suna iya kamuwa. Irin wannan gawa ƙone ta ake yi a inda ta faɗi, ko a binne ta a rami mai zurfi nesa da rijiya. Makiyaya nawa ne aka taɓa zaunar da su aka faɗa musu wannan?

Ba na ganin motar Holan za ta bi Fulani daji tana neman mushe, hanyoyin ma babu. Kuma rabin aikin ba baƙo ba ne a wajenmu: a manyan kwatocinmu ana ƙona ƙashi a niƙa don abincin kaji, ana dafa jini a shanya, fata na tafiya majema. Inda muke da giɓi shi ne gonakin kaji da suka kewaye Kano da Kaduna da Jos. Kowace safiya yaron gona na zagaya keji yana tsince waɗanda suka mutu. Na ga inda ake jefa su bayan katanga karnuka su ja su zuwa gonar maƙwabci. Na ga inda ake watsa su ɗanye a tafkin tarwaɗa. Na kuma ga masu babur da ke zuwa da buhu su saya da arha, ba wanda ke tambayarsu inda za su kai. Waɗannan gonaki suna kusa da juna, suna bakin titi, masu su na da waya a aljihu.

Da na dawo, a gonar da nake kula da ita muka fara da abin da ƙarfinmu zai iya. Mun gina rami mai zurfi da murfin siminti da ƙaramar ƙofa mai kulle, can ƙarshen fili nesa da rijiyar burtsatse. Mun ajiye ganga mai murfi a bakin ƙofar gona, mun hana kowane mai saye shigowa. Mun buɗe littafi, kullum a rubuta kaji nawa suka mutu, a wane ɗaki, kuma in adadin ya ninka na jiya a kira likita kafin azahar. Sai na kai maganar taron masu gonakin yankinmu, na ce mu haɗa kuɗi mu sayi Keke Napep guda mai rufaffen baya, mu gina tanderun ƙonawa a fili ɗaya, a riƙa zagayawa kowace safiya. Kowa ya yarda da keken da tanderun. Inda aka tsaya shi ne biyan kuɗi: masu manyan gonaki na son kowa ya ba da daidai, masu ƙanana na son a yi lissafi bisa yawan kajin mutum, wasu kuma na tsoron littafin mai keken zai fallasa gonar da kajinta ke mutuwa, masu sayen ƙwai su guje ta. An naɗa mutum uku su zo da tsari a zama na gaba, ni ne na ukunsu.